Kwana Goma a Biyena, Garin da Aka Sa Makaɗi a Jikin Kuɗi

Ƙudan tsando ne ya kai ni Biyena, ba kiɗa ba. Aikina binciken cututtukan dabbobi ne, sai aka gayyace ni taron bita na kwana biyar a kan dabarar nan ta kiwon mazan tsando a ɗakin bincike, a kashe musu ƙwayar haihuwa, sannan a sake su a daji su yi ta barbarar banza. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wadda hedkwatarta ke babban birnin na Ostiriya, ta daɗe tana wannan aiki. Da na ga an biya mini kuɗin jirgi, na ce ba zan je bakin rijiya in dawo da ƙishirwa ba, na ƙara 'yan kwanaki daga aljihuna.

Zancen biza ba sai na ja ba: zuwa Abuja sau biyu, takardar banki, inshorar lafiya, sai jira. Wata Asabar a farkon Nuwamba na tashi daga Kano, hunturu ya fara leƙowa. Uwargida ta ɗaure mini kilishi na ce ta mayar, domin wanda zai sauke ni ya riga ya yi mini kashedi cewa nama da madara ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi. Yaji da garin kunu da dabino kawai na ɗauka. Muka yada zango a Addis Ababa, jirgin Biyena ya ɗaga bayan tsakar dare, muka sauka da asuba. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa, ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na ce masa ƙuda muka zo tattaunawa a kai, ya ɗaga kai ya dube ni da kyau, sannan ya buga hatimi.

Tun daga filin jirgi na fara cin karo da hoton wani Bature mai jar riga da farin gashin aro. Yana jikin kwalin alewa, yana jikin kofin shayi, yana jikin laima. Da na sayi ruwa aka ba ni canji, sai ga fuskarsa a jikin sulen Yuro 1. Na ɗauka wani sarkinsu ne, ko wanda ya karɓo musu 'yanci. Mai kantin ta ce Mozart ne. Makaɗi ke nan.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma ga dalili. A garinmu akwai wani dattijo mai busa algaita, gidansa na kallon namu, kakanninsa duk su suka yi wa hakimanmu busa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana girmama shi, yana aika masa dami da kaka. Amma ran da ya ji yayana ya fara zuwa zance gidan, ran nan ya kashe maganar. Gidan roƙo ne, in ji shi, mu kuma gidan karatu. Da wannan tarbiyya na iso garin da ya buga makaɗi a kuɗinsa.

Jiragen ƙasa biyu ke shiga gari daga filin jirgin. A lokacin da na je, mai sauri yana yin minti 16 a kan kusan Yuro 15, na talakawa kuma bai kai Yuro 5 ba, ya fi wancan daɗewa da kamar minti goma. Na san wanda na hau. Ya bi da mu ta gefen matatar mai, ya bi ta jikin katangar wata maƙabarta da na ga kamar ba za ta ƙare ba. Lahadi ce, kuma ba wanda ya gaya mini cewa ran Lahadi kantunan garin a rufe suke ruf, in ban da na manyan tashoshi. Na zagaya unguwar da otal ɗina yake cikin sanyin da ke ratsa ƙashi ban samu ko burodi ba. Dabinon nan da kunun da na dama da ruwan butar lantarki su suka rufa mini asiri. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma kuwa har magariba ta yi, alhali agogonsu a lokacin daidai yake da namu.

Kwana biyar na taro sun wuce yadda taro ke wucewa: lacca, shayi, lacca. Na sayi tikitin mako a kan Yuro 17 da 'yan kai, da shi nake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa da taragon kan titi da bas. Ba ƙofa, ba mai duba tikiti a bakin shiga, sai dai masu farin kaya da ke faɗowa ba zato, in suka kama ka babu tikiti tarar ta haura Yuro 100. Ran Juma'a muka je babban masallacin da ke hayin kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979 da tallafin Saudiyya. Turkawa, 'yan Bosniya, Larabawa, 'yan Afirka ta Yamma, sahu har waje. A can na ji cewa tun 1912 dokar ƙasar ta amince da Musulunci, saboda Bosniya da ke ƙarƙashin daularsu a lokacin. Kogin da suka yi wa shahararren kiɗa suna kiransa shuɗi kuwa, ni dai ruwan toka na gani.

A masallacin na haɗu da mai masaukina, wani Bazazzage da ya shekara ashirin yana aikin jinya a garin. Ya ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Ottakring, kusa da wata doguwar kasuwar titi da Turkawa suka cika, inda ake samun naman halal da kuɓewa da attaruhu. A hanya ya nuna mini ginin ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da man fetur, wadda ta koma Biyena a 1965. Ya ce, "Malam, mutumin garinmu Rilwanu Lukman ya shugabanci gidan nan, kuma a garin nan Allah ya karɓi ransa a 2014." Daren nan matarsa ta yi mana tuwon semo da miyar kuɓewa, na ci har na ji kunya.

Ran Asabar da safe na fita ni kaɗai, kuma a nan na yi wautar farko. A dandalin babbar majami'ar Stephansdom akwai samari sanye da jar riga da gashin aro irin na mutumin jikin kuɗi, suna tare baƙi. 'Yan kamasho ne sak irin na tasha, sai dai su kiɗa suke lodi ba mota ba. Ɗaya ya tare ni da fara'a, ya rantse mini kujera biyu kawai suka rage, na ba shi Yuro 55. Da yamma na tarar da ɗan ƙaramin zaure, makaɗa shida, rabin kujerun ba kowa, mu 'yan kallo duk baƙi ne masu kyamara. Suka yi mana guntu-guntun kiɗa na awa ɗaya muka watse. Da na ba mai masaukina labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Haba Malam, kai da ka taso a Kano a yi maka haka? Na gaskiyar ai ko Yuro 15 ba ya kai wa, in dai za ka iya tsayuwa."

Amma tsakanin sayen tikitin da zuwa zauren na shiga wani lungu bayan majami'ar, gida mai lamba 5 a layin Domgasse, inda Mozart ya zauna daga 1784 zuwa 1787. A nan kaina ya fara wayewa. Ashe mutumin nan bara ne. An haife shi a Salzburg a 1756, ubansa ma makaɗin fada ne, kuma shi da uban duk suna ƙarƙashin babban limamin cocin da ke mulkin garin. A 1781 ubangidan ya zo Biyena ya kira shi. Mozart ya rubuta wa ubansa wasiƙa yana ƙorafin cewa a teburin bayi ake ba shi abinci, a ƙasa da masu yi wa maigida hidimar ɗaki, a sama da masu dafa abinci kaɗan. Ya nemi a sallame shi, aka yi ta ja, daga ƙarshe wani bafade ya fitar da shi da ƙafa, ƙafa ta gaske, a gindi. Daga nan ya zauna a Biyena yana cin gashin kansa: ya koyar da 'ya'yan masu kuɗi fiyano, ya shirya wasa ya sayar da tikiti, ya karɓi kwangilar rubuta kiɗa. Ya samu kuɗi ya kashe, ya koma rubuta wa abokai wasiƙun neman rance. Ya rasu ran 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35, ya bar ayyuka sama da 600.

Labarin wani makaɗin, Haydn, ya fi kama da namu ma. Ɗan mai gyaran ƙafar keken doki ne daga ƙauyen Rohrau, aka kawo shi yana yaro yana waƙa a wannan majami'a da na tsaya a gabanta, da muryarsa ta fashe aka sallame shi. A 1761 ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy, ya yi kusan shekara 30 a ciki. Takardar aikinsa ta ce dole ya sa kayan gidan, ya bayyana kullum a zauren maigida ya ji ko ana son kiɗa, ya kula da kayan kiɗa da tarbiyyar yaransa, kuma kada ya ba wani abin da ya tsara sai da izini. Ina karantawa ina cewa a raina, wannan ai Sarkin Kiɗa ne. Abin da ya rage kawai a naɗa masa rawani a ba shi doki. Sai da ubangidansa ya mutu a 1790 ya samu sararin zuwa Landan, inda ya tara dukiyar da bai taɓa gani ba a fada.

To me ya tara su duka a wuri ɗaya? A wancan zamani Biyena ita ce fadar daular Habsburg, kuma duk wani mai sarauta daga Hangari ko Bohemiya da ke son a san da shi sai ya gina gida a birnin. Kowane gida kuma yana son a ce makaɗansa sun fi na maƙwabci. Inda masu kyauta suka taru, nan maroƙa ke sauka, wannan ko a gida mun san shi. Bayan su ga masu buga takardun kiɗa suna sayarwa, ga maƙeran fiyano, ga attajiran da ke son 'ya'yansu mata su iya kiɗa. Shi ya sa mafi yawan manyan sunayen baƙi ne. Mozart daga Salzburg, Beethoven daga Bonn, Brahms daga Hamburg, Mahler daga Bohemiya. Schubert da Johann Strauss ne 'yan gari. Sai garin ya tuna mini da kirarin Kano, ko da me ka zo an fi ka. Wanda duk ya ji ya isa a garinsu, nan yake zuwa a gwada shi.

Daren nan, bayan ya gama yi mini dariya, mai masaukina ya ba ni wani labari da ya hana ni barci. Ya ce a zamanin su Mozart akwai wani baƙar fata a Biyena da ake kira Angelo Soliman, wanda masu bincike da dama ke danganta asalinsa da yankin Borno. An kama shi bawa yana yaro, aka bi da shi ta Italiya, ya ƙare a hidimar gidan sarautar Liechtenstein. Ya ji harsuna da yawa, ya zama mutumin da manya ke zama da shi, yana cikin wani reshen ƙungiyar asiri ta Freemason da Haydn ya shiga a 1785, wadda Mozart ke yawan ziyarta. Da ya mutu a 1796 sai aka feɗe fatarsa, aka cusa mata kaya, aka yi mata ado da gashin tsuntsu da wuri, aka kafa a gidan ajiyar kayan tarihi na sarki tare da namun daji. 'Yarsa ta yi ta roƙo a ba ta ta binne, ba a ba ta ba. Gobarar 1848 ce ta cinye abin. Ya ce, "Malam, in ka ji daɗin kiɗan ka ji, amma ka san garin da ya yi kiɗan shi ya yi wannan." Na kwanta ina lissafi: ko yaron nan ya taɓa jin algaita kafin a kama shi?

Lahadi da hantsi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, na ƙarasa da bas zuwa Heiligenstadt. A da ƙauye ne na gonakin inabi, yanzu gari ya haɗiye shi, amma har yau akwai ƙananan gidaje masu tsakar gida. A ɗaya daga ciki aka yi gidan tarihin Beethoven. Shi ya zo Biyena a 1792 don ya yi karatu wurin Haydn, bai sake komawa Bonn ba. Kafin ya cika shekara 30 kunnensa ya fara mutuwa. Likita ya tura shi ƙauyen nan ya huta, kuma a nan, cikin Oktoban 1802, ya rubuta wa ƙannensa biyu wasiƙar da bai taɓa aikawa ba, sai bayan mutuwarsa aka tsince ta. A ciki ya faɗi irin wulaƙancin da yake ji in na kusa da shi ya ji sarewa daga nesa shi bai ji komai ba, har ya ce saura kaɗan ya kashe kansa, sana'arsa ce ta riƙe shi.

Na daɗe a ɗakin da aka yi bayanin kurumtarsa: ƙahon ƙarfe da yake karawa a kunne, da littattafan da baƙi ke rubuta masa magana a ciki shi kuma ya amsa da baki. Makafin mawaƙa mun san su, mun taso muna jin su a kasuwa da ƙofar masallaci. Amma kurman makaɗi? A wurinmu ba zai yiwu ba, domin uban kiɗa da 'yan amshinsa da kunne suke aiki, a ka ake ajiye komai. Shi kuwa yana da takarda. Turawa sun ƙirƙiro rubutun da ke nuna kowane amo, tsawonsa, ƙarfinsa, da kayan kiɗan da zai fitar da shi, a kan layuka biyar-biyar. Mutum zai zauna shiru ya rubuta abin da mutum ɗari za su kaɗa, ko da shi ba zai ji ba. Ran 7 ga Mayu 1824 aka fara kaɗa simfoninsa na 9, wato wani dogon kiɗa da makaɗa masu yawa ke yi tare, yana tsaye a gaban makaɗa ya ba jama'a baya, sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya ga ana tafi. Wani yanki na wannan kiɗa shi ne taken Tarayyar Turai a yau.

Mu ma mun yi rubutu, kada a ce ban faɗa ba. Malamanmu sun rubuta waƙoƙi da ajami tun kafin zuwan Bature, ga su nan a kundaye. Amma baitin ake rubutawa, karin murya da kiɗan a bakin mai rerawa suke. Abin da kakan dattijon garinmu ya busa wa hakimi shekara ɗari da hamsin da suka wuce, in jikan bai riƙe ba, ya tafi. Na manyan makaɗan fadarmu da suka riski zamanin rediyo kuwa, yana cikin tsofaffin faya-fayai da kaset da ke shan ƙura.

Wani abu kuma da ya bambanta Beethoven da magabatansa: shi bai sa kayan gidan kowa ba. A 1809, da aka ji zai bar gari ya karɓi aiki a wata fada, manyan masu sarauta uku, ciki har da ƙanen sarki, suka haɗu suka yi masa alkawarin kuɗi 4,000 na zamanin duk shekara, sharaɗin kawai ya zauna a Biyena. Shekara 28 ke nan tsakanin makaɗin da aka kora da ƙafa da makaɗin da 'ya'yan sarki ke lallashi.

Da yamma na bi shawarar mai masaukina na je Musikverein, zauren da aka buɗe a 1870, wanda daga cikinsa ake watsa kiɗan sabuwar shekara zuwa ƙasashe da dama. Na sayi tikitin tsayuwa, na ajiye rigar sanyi a wurin ajiya na biya, na shiga can baya. Masu tsayuwa suna da al'adarsu: ka ɗaura gyalenka a jikin ƙarfe, wurin ya zama naka, kamar yadda ake shimfiɗa darduma a sahun gaba ran Idi. Ni ba ni da gyale, sai wata tsohuwa mai sanda ta matsa mini. Ta ce ta fi shekara hamsin tana tsayuwa a wurin. Zauren kuwa ruwan zinare ko'ina, har ido ya gaji.

Makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya, masu goge sun fi kowa yawa, goge ƙanana da manya har da wanda ya fi mai kaɗa shi tsawo. Jagoransu ya ɗaga 'yar sanda, wuri ya yi tsit. Ba guɗa, ba kirari, ba mai tashi ya yi liƙi, ko tari mutum sai ya haɗiye. Tafsirin azumi ma bai samun irin wannan shiru a wurinmu. Da farko na rasa inda zan kama, domin kunnena ya saba da a faɗi magana, a wasa wani, a yi habaici. Wannan kuwa ba kalma ko ɗaya. Can sai na lura ashe zance suke yi: masu ƙananan goge su faɗi abu, masu busa su amsa, a juya shi, a ɓoye shi, a dawo da shi da wata kama. Amshi ne, sai dai kayan kiɗa ne 'yan amshin. Da suka tsaya na ji daɗi na fashe da tafi. Ni kaɗai. Mutum wajen dubu biyu, ni kaɗai. Wani mai gemu ya waigo ya harare ni kamar na taka masa sallaya. Ashe kiɗan kashi huɗu ne, ba a tafi sai an gama duka.

Tsohuwar ta dafa hannuna. Da aka fita hutu ta ce kada in damu, a zamanin Mozart mutane suna tafi ana tsakiyar kiɗa, shi kuma murna yake yi, shirun nan daga baya aka ƙirƙiro shi. Na tambaye ta wani wuri a kiɗan Haydn da aka yi, inda babbar ganga da faranta na tagulla suka barke kamar hawan sallah. Ta ce wannan na Turkawa ne. Sojojin daular Usmaniyya sun yi wa Biyena zobe sau biyu, a 1529 da 1683, suna tafe da makaɗan yaƙi masu ganguna da wata abar busa mai kaifin murya. An kore su, har aka narka igwoginsu aka yi babbar ƙararrawar majami'a, amma kiɗan ya zauna. Haydn da Mozart da Beethoven duk sun ara. Da ta nuna mini hoton abar busar a wayarta na yi dariya, domin 'yar'uwar algaita ce, har da faifan da ake tokarewa da leɓe. Na nuna mata bidiyon hawan daushe a tawa wayar. Ta kara a kunne, ta nemi in sake sa mata.

Bayan hutu ƙafafuna suka fara kuka, na jingina da ginshiƙi na ƙarasa. A hanyar gida na sayi gasasshen 'ya'yan itacen nan da suke sayarwa a bakin titi lokacin sanyi, mai ɗanɗano tsakanin gurjiya da dankali, Yuro 4 ɗan ƙulli.

Ran Litinin na hau tarago mai lamba 71 zuwa maƙabartar da na hango ran da na sauka. 'Yan garin in mutum ya mutu sukan ce ya hau 71. An buɗe ta a 1874, kuma waɗanda ke kwance a ciki sun kai miliyan 3, sun fi rayayyun birnin yawa. Har bas ke yawo a cikinta. Daga babbar ƙofa kaɗan aka tara makaɗan wuri guda: Beethoven, Schubert, Brahms, Strauss. Beethoven ya mutu a 1827, dubban mutane suka raka gawarsa, Schubert na cikin masu riƙe fitila. Shekara ɗaya bayan nan shi ma ya bi, yana da shekara 31, ya bar waƙoƙi sama da 600, aka binne shi kusa da gwaninsa. A 1888 aka tono su biyun aka dawo da su nan. Na ga 'yan Japan da 'yan Koriya suna ajiye furanni, wata yarinya har da hawaye.

A tsakiyarsu akwai dutsen tunawa da Mozart, amma ba kowa a ƙarƙashinsa. Shi a wata tsohuwar maƙabarta ta St. Marx aka sa shi, a kabarin gama-gari ba alama, har yau ba wanda zai nuna maka daidai wurin. Turawa suna ba da wannan labari da jimami, ni kuwa ban ga abin kuka ba, domin kakana ma ba zan iya nuna maka kabarinsa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne dokar da sarkinsu Joseph na 2 ya kafa a 1784, cewa a riƙa ɗinke gawa a cikin ƙyalle, a ɗauke ta a akwati mai buɗewa ta ƙasa, a sauke ta a rami a dawo da akwatin don na gaba. Likkafani da makara ke nan. Jama'a suka yi ta bore har ya janye dokar cikin 'yan watanni. Kafin in fita na nemi ɓangaren Musulmi na yi musu sallama da addu'a.

Talata na yi tsaraba. Alewar mai hoton Mozart sai da na sa mai masaukina ya karanta mini abin da ke ciki, kada in kai wa yara mai giya. Ya raka ni tasha, ya ba ni saƙon magani in kai wa gyatumarsa a Zariya. Dawowar ba labari: Addis, jira, Kano, ƙura.

Bayan mako biyu na je garinmu gaida tsofaffi, na leƙa gidan dattijon mai algaita. Ya tsufa ƙwarai, haƙoran gaba sun zube, ya ce shekara uku rabonsa da busa, kuma cikin jikokinsa ba mai sha'awa, duk sun koma acaba da sayar da waya. Na ba shi alewa, na ciro sulen nan na Yuro 1 na sa masa a hannu. Ya kai shi kusa da ido.

"Wannan wane sarki ne?"

"Ba sarki ba ne, Baba. Makaɗi ne."

Ya sake dubawa, ya juya bayan, ya juyo gaban. "Makaɗi a jikin kuɗi? To wa yake yi wa kiɗa?"

Na ce da fari wani babban mai mulki yake yi wa, daga baya suka ɓata, ya koma ba shi da ubangida, kansa yake yi wa.

Baba ya yi shiru. Can ya ce, "Ashe ya sha wuya." Ya miƙa hannu ya jawo tsohuwar jakar fatar da algaitarsa ke ciki, ya kwance bakinta, ya jefa sulen a ciki ya ɗaure.